Gyara Kafin Ƙari: Sirrin Masu Sha'awar Motocin Daji

A wannan fitowa, shafin Kimiyya da Fasaha na Ƙungiyar 'Yan Jarida ya ɗauko batun motocin daji, wato jif-jif da akori-kura masu ratsa yashi da taɓo da duwatsu, inda babu kwalta ko kaɗan.

A ƙasashe irin su Amurka da Ostireliya da Ayisland, akwai mutanen da suka mayar da kula da irin waɗannan motoci abin sha'awarsu, kamar yadda wani a nan yake kiwon tantabaru ko doki. A ranakun aiki malami ne, ko likita, ko manomi. Ranar hutu sai ya sa tsofaffin kaya, ya kwanta a ƙarƙashin mota da sufana a hannu. Shi yake canja baƙin mai da kansa, ya ɗaura manyan tayoyi, ya ƙara wa motar tsayi, sa'an nan su haɗu da abokai su tafi gwada ta a cikin tsaunuka.

Wanda ya ga hotunansu a waya zai zaci duk abin ado ne da nuna kuɗi. Amma ƙwararrun cikinsu suna da ƙa'ida guda: a gyara abin da ke akwai kafin a ƙara sabo, domin duk abin da aka ƙara wa mota sai ya karɓi wani abu daga wurinta. Wannan ƙa'ida za mu bi daki-daki, kuma za ku ga cewa lissafin da muke yi a aji shi ne tushenta.

Daga ina abin ya samo asali?

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haifi motar daji irin wadda muka sani. A 1941 sojojin Amurka suka fara karɓar wata ƙaramar mota mai jan ƙafa huɗu, wadda aka sani da Jeep. Kamfanonin Willys da Ford sun ƙera fiye da guda 600,000 kafin yaƙin ya ƙare. Daga sunanta ne muka samu kalmar jif. A 1945 Willys ya fitar da samfurin farar hula, manoma da tsofaffin sojoji suka yi ta saye.

A 1948 Ingila ta nuna tata motar, Land Rover, a wani baje kolin motoci a birnin Amsterdam na ƙasar Holan. Da alminiyam aka yi jikinta, saboda ƙarfe ya yi ƙaranci bayan yaƙi. Japan ta biyo baya a 1951 da wata motar Toyota wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954. Hilux kuwa a 1968 ta fito.

Da farko don aiki aka yi su. Sannu a hankali sai masu su suka fara gasar wa zai iya hawa wancan dutse, wa zai iya tsallake wancan kwazazzabo. Tun 1953 ake taron masu jif a kan hanyar Rubicon da ke jihar Kalifoniya, hanya mai tsawon kusan kilomita 35 wadda duwatsu suka cika ta. A garin Moab na jihar Utah ma ana irin wannan taro duk shekara tun 1967. A Ostireliya akwai tsohuwar hanyar kora shanu mai suna Canning, mai tsawon kusan kilomita 1,850 a cikin hamada, wadda masu sha'awa ke kwashe makonni suna ratsawa. A irin wannan hanya, in mota ta lalace, babu garejin da za a tura ta. Mai motar shi ne bakaniken.

Me ya bambanta motar daji da sauran motoci?

Abu na farko shi ne tsayinta daga ƙasa. Cikinta yana nesa da ƙasa, don kada dutse ya fasa kaskon baƙin mai ko tankin mai. Yawancinsu kuma an ɗora jikinsu ne a kan wani ƙaƙƙarfan firam na ƙarfe mai kama da tsani, wanda ke jure jijjiga da murɗewa.

Na biyu shi ne jan ƙafa huɗu. Ƙaramar mota tayoyi biyu kawai injinta ke juyawa, ko na gaba ko na baya. Motar daji tana da wani akwatin giya na biyu wanda ke aika ƙarfin inji gaba da baya ta furofela biyu. In tayoyin baya sun faɗa caɓi, na gaba za su iya jawo motar.

Na uku shi ne ƙaramar giya, wadda direbobi ke kira ogzilari. In an saka ta, gudun motar yana raguwa, ƙarfin murɗa taya kuma ya ninka, daga kusan sau biyu har zuwa sau huɗu a wasu motocin. Duk wanda ya taɓa hawan keke mai giya a kan tudu ya san wannan: ƙafa tana juyawa da sauri, keken yana tafiya a hankali, amma yana hawa.

Na huɗu shi ne wata na'ura da ke tsakiyar aksul, mai kama da ƙwarya, wadda ake kira difaranshal. Ku tuna da lokacin da muke fareti. In layi zai yi kwana, wanda ke can waje sai ya faɗaɗa takunsa, na ciki kuma ya riƙa taku a wuri ɗaya. Haka tayoyi suke: a kwana, ta waje tana cin doguwar hanya fiye da ta ciki. Difaranshal ne ke ba su damar juyawa da gudu daban-daban. Sai dai yana da rauni. In taya ɗaya ta rataye a sama ko ta hau santsi, ita ce za ta yi ta juyawa a banza, ɗayar da ke kan ƙasa mai kyau ta tsaya cik. Shi ya sa masu sha'awa ke saka masa makulli, wanda ke tilasta wa tayoyin biyu su juya tare. Makullin na daji ne kawai. In aka bar shi a kulle a kan kwalta, mota ba za ta so yin kwana ba, tayoyi za su cinye, wani ƙarfe kuma yana iya karyewa.

Kulawa ita ce gaba da komai

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin mai sha'awa ya sayi ko da noti ɗaya na ado, ga abubuwan da yake fara dubawa.

Filtar iska. Inji numfashi yake yi kamar mu. Kafin ya ƙona lita ɗaya ta fetur, yana zuƙar iska kusan lita 9,000. In ƙura ta bi iskar ta shiga ciki, sai ta haɗu da mai ta zama kamar sandifefa, ta riƙa cin fistin da bangon silinda. Mu da muka san ƙurar hunturu ba ma buƙatar dogon bayani. Mai shiga daji yana duba filtarsa kusan kullum in yana cikin tafiya.

Baƙin mai. Aikinsa shi ne hana ƙarfe gogar ƙarfe, da kwashe zafi da datti. Littafin kowace mota yana faɗin lokacin canja shi, kuma yana da jadawali na musamman ga motar da ke aikin wahala, wadda ake so a canja mata da wuri. Da yawa daga masu motocin dizal na daji suna canjawa duk bayan kilomita 5,000, tare da filtarsa.

Lagireto. Tafiya a cikin yashi tana sa inji aiki sosai alhali motar ba ta gudu, don haka iskar da ke sanyaya lagireto ba ta da yawa. In taɓo ko 'ya'yan ciyawa suka toshe ramukansa, zafi zai hau. Ana duba ruwa da fanbel da robobin da ke kai ruwa. Ba a buɗe murfin lagireto in inji yana da zafi, domin ruwan ciki yana iya wuce digiri 100, kuma zai feso ya ƙona fuska.

Man aksul da giris. Aksul yana yin zafi a tafiya. In ya shiga ruwa mai sanyi farat ɗaya, iskar cikinsa sai ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta ƙaramar kafar numfashinsa. Alamar haka ita ce man ya koma fari-fari kamar madara. Dole a zubar da shi a zuba sabo. Gaɓoɓin furofela kuma ana ɗura musu giris bayan kowace shiga ruwa.

Notuna da birki. Hanya mai gargada tana kwance noti a hankali. Wasu masu motar suna shafa ɗan fenti a kan kowane muhimmin noti, ta yadda da kallo ɗaya za su gane in ya motsa. Man birki kuma yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake canja shi kusan duk shekara biyu.

Wanki. Wanke ƙarƙashin mota ya fi wanke samanta muhimmanci. Taɓon da ya bushe yana riƙe danshi ya kawo tsatsa, yana kuma ɓoye wurin da mai ke yoyo. Busasshiyar ciyawar da ta naɗe a jikin salansa kuwa tana iya kama wuta ta cinye motar ƙurmus.

Ko kun lura? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a hoto. Amma su ne ke dawo da mutum gida.

Kowane ƙari yana da farashinsa

Manyan tayoyi. Wannan ne ƙarin da aka fi so. Babbar taya tana hawa kan dutse cikin sauƙi, tana kuma ɗaga aksul daga ƙasa. Bari mu yi lissafi. A ce an cire taya mai tsayin inci 30 an saka mai inci 33. Bambancin inci 3 ne, amma aksul yana tsakiyar taya, don haka rabin wannan kawai zai samu, wato inci ɗaya da rabi, kusan santimita 4. Me aka biya? Kewayen tsohuwar tayar kusan santimita 239 ne, na sabuwar kuma kusan 263. Ke nan a kowane juyi sabuwar tana cin ƙasa fiye da tsohuwar da kashi 10 cikin 100. Maleji juyin taya yake ƙirgawa, bai san an canja komai ba. In ya nuna 100, motar tana gudun kilomita 110 ne a awa. Ban da haka, ƙarfin tashi yana raguwa, birki yana shan wahala, mai kuma yana ƙara tafiya. Wanda ya san abin da yake yi sai ya canja haƙoran difaranshal don su dace da sabuwar tayar, ya gyara maleji, wani lokaci har ya ƙara girman birki. Kun ga ƙari ɗaya ya jawo uku.

Ɗaga mota. Ana saka dogayen sifirin da shakazoba don jikin motar ya ƙara nisa da ƙasa, manyan tayoyi kuma su samu wurin zama. Farashinsa shi ne cibiyar nauyi ta hau sama. Ku gwada da kwalba: in ta tsaya a tsaye, ɗan turi kaɗan zai kayar da ita, in ta kwanta kuwa sai dai ta gangara. Dukanmu mun taɓa ganin babbar motar da aka labta wa kaya har sama tana tangaɗi a kwana. Motar da aka ɗaga fiye da kima haka take, musamman a gefen tudu ko in direba ya kauce wa wani abu da sauri. Saboda haka da yawa daga masu doguwar tafiya suke tsayawa a inci 2. Akwai kuma abin da masu sabon shiga ba su cika sani ba: a motar da ke da aksul ɗan sanda, dogon sifirin jiki kawai yake ɗagawa. Ƙwaryar difaranshal tana nan inda take. Taya ce kaɗai ke iya ɗaga ta.

Bambar ƙarfe da winci. A Ostireliya ana saka ƙatuwar bamba a gaban mota saboda dabbar nan mai tsalle, kangaru, wadda ke faɗo wa hanya da dare. A kan bambar ake ɗaura winci, wato injin lantarki mai naɗe igiya, wanda mota ke jawo kanta da shi in ta kafe. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce wincin ya iya jan nauyin motar da kayanta sau ɗaya da rabi. Farashinsu nauyi ne a kan tayoyin gaba, da jan wuta mai yawa daga batir. Ƙatuwar bamba kuma ta fi illa ga mai tafiya a ƙasa in aka buge shi, shi ya sa ƙasashen Turai suka kafa mata dokoki masu tsauri.

Bututun shaƙar iska. Shi ne baƙin bututun nan da ake gani ya bi gefen gilashi ya hau har kusa da rufi. Yana sa inji ya shaƙi iska daga sama, nesa da ruwa da ƙurar tayoyi. Dalilinsa shi ne iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In ruwa ya shiga silinda, fistin ya taso ya tarar da shi, sai sandar fistin ta lanƙwashe, inji ya mutu nan take. Illar bututun ita ce yana sa direba ya ji kamar jirgin ruwa yake tuƙawa, alhali wayoyin lantarki da giya ba su da kariya. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 60 yana iya tafiya da jif ko akori-kura.

Nauyi. Kowace mota tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma duk ƙarin da aka yi daga cikin wannan iyaka ake cire shi. Ga misali. A ce mota tana iya ɗaukar kilo 800. Bamba da winci sun ci 90, maɗorin kaya na rufi 40, safaya ta biyu 35, ruwan sha lita 60 kilo 60, ƙarin dizal da jarkokinsa 70, akwatin kayan aiki 45. Jimla 340. Saura 460. Manya huɗu masu kilo 70 kowanne sun shiga, 280 ke nan. Abin da ya rage wa abinci da tanti da sauran kaya kilo 180 ne kacal. Wanda ya wuce iyaka, sifirinsa ne zai karye, ko taya ta fashe, ko birki ya ƙi kamawa.

Ƙarin da ba a saye da kuɗi

Dabara mafi amfani a cikin yashi ita ce rage iskar taya. A darasin kimiyya mun koyi cewa ana samun matsi ne in aka raba ƙarfi da faɗin wuri. Mota mai kilo 2,000 tana ɗora wa kowace taya kilo 500. In tayar ta cika tam, ɗan ƙaramin wuri ne ke taɓa ƙasa, sai ta nitse. In aka rage iska, tafinta sai ya ƙara tsawo, nauyin ya bazu, motar ta hau kan yashi. A kan kwalta ana sa wa irin waɗannan motoci iska kusan 30 zuwa 35 a gejin mai faci. A yashi masu sha'awa suna saukowa kusan 15 zuwa 20.

Allah ya riga ya nuna mana wannan a jikin raƙumi. Tafin ƙafarsa mai taushi ne, yana bajewa in ya taka, shi ya sa ba ya nitsewa a inda doki zai wahala. Mutanen Ayisland sun yi amfani da wannan hikima a kan dusar ƙanƙara. Suna ɗaura tayoyi masu inci 38 ko 44, su rage iska ƙwarai, su hau kan ƙanƙarar da mutum zai nitse a ciki in ya taka.

Ita ma wannan dabara tana da sharaɗi. Taya mai ƙarancin iska tana yin zafi in an yi gudu, tana kuma iya sulluɓewa daga rim a kwana. Don haka ana tafiya a hankali, kuma da an dawo kwalta sai a fito da famfo a mayar da iskar.

Darasi daga gasar Dakar

Gasar da ta fi kowace gwada motocin daji ta taɓa ratsa maƙwabciyarmu Nijar. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace a cikin Sahara a kan babur a 1977. Bayan an ceto shi sai ya shirya gasa. Ranar 26 ga Disamba, 1978, ababan hawa 182 suka tashi daga Paris. Sun bi ta Aljeriya, suka shigo Nijar ta Agadas da Yamai, suka wuce Mali da ƙasar da yau ake kira Burkina Faso, suka ƙare a Dakar, babban birnin Senegal, ranar 14 ga Janairu, 1979. Guda 74 ne kawai suka kai ƙarshe. A cikin motoci, Range Rover ce ta zo ta ɗaya.

An soke gasar a 2008 saboda matsalar tsaro a Muritaniya. Daga 2009 aka mayar da ita Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin ta. A 2019 Nasser Al-Attiyah na ƙasar Katar ya lashe ta da Toyota Hilux ta musamman da aka ƙera don tsere. Abin lura shi ne, a wannan gasa direba yana tuƙi da rana, makanikai kuma su kwana suna kwance motar suna dubawa. Motar da ta fi kowace gudu, in noti ɗaya ya ci amanarta a tsakiyar hamada, ta fita ke nan.

Ga 'yan uwanmu mata kuma: a 2001 wata Bajamushiya, Jutta Kleinschmidt, ta lashe gasar da Mitsubishi Pajero. Kimiyyar fiziks ta karanta, kuma ta yi aiki a kamfanin ƙera motoci kafin ta zama direbar tsere.

Kare rai da kare daji

Sha'awa ce mai haɗari in babu ilimi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Ba a barin inji yana aiki a rufaffen gareji, domin hayaƙin salansa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari. In ana jan motar da ta kafe, kowa yana matsawa nesa, saboda igiyar da ta tsinke tana dawowa kamar bulala, kuma ta sha kashe mutane. Ba a shiga daji da mota ɗaya, ba a kuma tafiya sai an gaya wa wani inda aka nufa da ranar dawowa.

Dajin ma yana da haƙƙi. A hamadar Tenere ta Nijar an taɓa yin wata bishiya guda tilo, wadda ayarin raƙuma ke gane hanya da ita. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. Yanzu gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a madadinta. Gasar Dakar ita ma ta yi sanadin mutuwar mutane, har da yaran ƙauyukan da motocin suka ratsa. Saboda irin haka ne ƙungiyoyin masu sha'awa ke koya wa mambobinsu su bi sawun da ke akwai, kada su taka gona, su rage gudu kusa da gari da dabbobi, kada kuma su zubar da tsohon baƙin mai a ƙasa, domin yana gurɓata ruwan rijiya.

To, mu fa?

Abin da yake wasa a can, a nan aiki ne. Irin waɗannan motoci ne ke kai allurar rigakafi ƙauyukan da ke bayan rafi, su fito da hatsi ranar kasuwa, su ɗauko mara lafiya da damina. In ɗaya ta lalace a hanya, rai ne ke cikin haɗari. Makanikan da ke raya su, da masu walda irin na Panteka a Kaduna, da masu sayar da kayan gyara irin na Ƙofar Ruwa a Kano, suna aiki ne da wannan ilimi da muka bayyana. Bai kamata mu raina mai baƙin hannu ba.

Doka ba ta ba mu lasisin tuƙi sai mun kai shekara 18, kuma kada ɗayanmu ya ɗauki makullin motar gida don gwaji. Amma za mu iya farawa tun yanzu. Keke yana da taya da birki da sarƙa da notuna. Mu riƙa duba iskarsa, mu sa wa sarƙa mai, mu ɗaure abin da ya kwance kafin mu sayi fitilar ado. In ana gyaran mota a gida, mu nemi izini mu tsaya mu kalla, mu yi tambaya cikin ladabi. In muna cikin mota da damina aka iso rafin da ya kawo, mu roƙi direba ya jira ruwan ya janye. Sannu ba ta hana zuwa. Mu kuma riƙe darasin lissafi da na kimiyya da fasaha da kyau, domin da su ake zama injiniya.

Gasar wannan fitowa

Wani mai sha'awa ya cire taya mai inci 30 ya saka mai inci 36, bai gyara maleji ba. Tambaya ta ɗaya: inci nawa aksul ɗinsa ya ƙara nisa da ƙasa? Tambaya ta biyu: in maleji ya nuna 80, kilomita nawa motar ke gudu a awa? Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya tsare matafiya a duk inda suke. Amin.

Daga Sashen Kimiyya da Fasaha, Ƙungiyar 'Yan Jarida.